Fotin titi ko fotin gada? Ina neman shawara kafin in sa giranda a injin RX-7 ɗina

Sadiq_FC88
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban ce uffan ba, yau dai ga ni da buƙata. Ina da Mazda RX-7 ƙirar 1988, Turbo II, wadda ake ce wa FC. A Huston ta Amurka nake, shekara uku ke nan tana hannuna. Tun shigowar zafi ta fara shan ruwa: in cika lagireto yau, bayan kwana huɗu ya ragu, in ta kwana kuma sai ta tashi da farin hayaƙi mai zaƙi-zaƙin wari. Robar ruwan cikin injin ce ta tafi. Na sauke shi na wargaza, yanzu haka farantan ƙarfe uku da gidajen rota biyu suna shimfiɗe a kan tebur a garejina.

Tunda a buɗe yake, ina so in yi masa fotin kafin in haɗa. Da motar nake zuwa aiki kwana biyu ko uku a mako, cikin cunkoson I-10, esi a kunne. Amma ba zan ɓoye muku ba, sautin fotin gada ya shiga raina, wannan burub-burub ɗin da yake yi a silo, wato in injin na aiki mota na tsaye. In tsaya a fotin titi ko in yanka gada? Waɗanda suka taɓa yi su taimaka mini.

Auwal_Civic
Wa alaikumus salam. A yi mini afuwa, ni ban ma san mene ne fotin ba. Irin aikin da ake yi wa tof silinda ne?

Injiniya_Birisben
Malam Auwal, injin rotari ba shi da tof silinda, ba bawul, ba kamshaf, ba fistin. Abin da ke ciki wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, rota, tana juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Iska da mai suna shiga ta ƙofofin da aka huda a jikin farantan ƙarfen da ke gefenta, hayaƙi kuma ya fita ta ƙofar da ke jikin gidan. Rotar da kanta ce ke buɗe ƙofofin nan ta rufe su yayin da take wucewa. To ka ga siffar ƙofar ita ce kamshaf ɗin. In ka ci bakinta ta sama, za ta daɗe ba ta rufe ba. In ka ci ta waje, za ta buɗe da wuri. Wannan cin shi ne fotin. Sai dai kamshaf in bai yi maka ba kana iya cirewa ka mayar da tsohon, ƙarfen da giranda ta ci kuwa ya tafi ke nan.

Sadiq, amsata a taƙaice: fotin titi, kuma matsakaici. Ina da FC ta 1990 a nan, shekara shida ina hawanta da fotin titi. Silo ɗinta bai kai juyi 1,000 a minti ba, tana ɗaukar esi ba ta mutuwa, daga 4,500 zuwa sama kuma sai ka ji kamar an sauya mata huhu. Motar da za ta riƙa rarrafe a gosulo ba gada take buƙata ba.

Gada_13B
Ga shi nan an fara. Duk wanda ya ambaci gada sai a tsorata shi. Sadiq, ni rabin gada ce a tawa, wato ƙofofin waje biyu kawai aka yanka wa, na tsakiya aka bar su fotin titi. Shekara biyu ke nan. Ina zuwa kasuwa da ita, ina zuwa Juma'a da ita. E, tana shan mai, e, tana da ƙara. Amma wanda ya sayi RX-7 ba don tsimin mai ya saya ba. In ranka na son gada ka yi gada, in ba haka ba duk ranar da ka ji wata ta wuce tana burub-burub sai ka yi da-na-sani.

Injiniya_Birisben
Gada_13B, faɗa masa a nawa silo ɗinka yake.

Gada_13B
1,500, wani lokaci 1,600 in na kunna fitilu da fanka. Ban ɓoye ba.

Baban_Gareji
Salamu alaikum yara. Ni ban taɓa yi wa rotari wannan aiki ba, amma da na karanta bayanin Injiniya sai na ga ai abin da muka yi wa Basfa da Suzuki ne muna samari. Injin babur mai shan baƙin mai a cikin fetur shi ma ba shi da bawul, tagogi ne a jikin bulo, fistin ke buɗewa ya rufe. Mukan sa fayil mu ɗaga tagar salansa kaɗan. In ka ɗaga daidai babur ya ƙara gudu a sama. In ka zarce, sai ya zama ba ya iya tashi da mutum biyu sai ka yi ta murza totur kana sakin kuloci a hankali, zoben fistin kuma ya riƙa kamuwa a bakin tagar har ya karye. Na ɓata bulo biyu kafin in gane cewa kaurin farce ma ci ne mai yawa. Sadiq ɗana, ko me za ka yi, ka ci kaɗan ka auna, ka sake ci kaɗan ka auna.

Sadiq_FC88
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Injiniya, ina son in fahimci dalilin, ba hukuncin kawai ba. Me ya sa gada ke lalata tafiyar ƙasa-ƙasa?

Injiniya_Birisben
To bari in zauna. Abu biyu ne, kuma mutane na haɗa su alhali daban suke.

Na farko jinkirin rufewa. In ka ci ƙofar iska ta sama, tana nan a buɗe har bayan rota ta fara matse ɗakin, wato sararin da ke tsakaninta da jikin gidan. A babban gudu iskar ta taho da ƙarfi, sai ta ci gaba da kutsawa duk da ɗakin ya fara ƙanƙancewa, ka samu ƙarin ciko. A ƙaramin gudu ba ta da wannan ƙarfin, sai rota ta tura wani kaso ya koma inda ya fito. Shi ya sa ko fotin titi in ya yi girma za ka ji motar ta ɗan yi sanyi ƙasa da 3,000. Wannan ana iya zama da shi.

Na biyu shi ne lokacin da ƙofar iska da ta hayaƙi suke buɗe tare. A injinka yadda ya fito daga kamfani, ƙofar hayaƙi ba ta rufewa sai shaf ya wuce digiri 48 daga inda ɗakin ya fi ƙanƙanta, babbar ƙofar iska kuwa a digiri 32 take buɗewa. Ka ga digiri 16 kawai suke haɗuwa. Fotin titi ba ya iya ƙara wannan da yawa, domin in ka ci ƙofar ta waje sosai za ka shiga hanyar da sil ɗin kusurwa (ɗan ƙarfen da ke toshe iska a kusurwar rota) ke bi, ya rasa abin takawa ya faɗa ciki. Dabarar gada ita ce a bar wannan hanyar, siririn ƙarfe kamar gada, a yanka wata sabuwar taga mai siffar gira a bayanta. Ita wannan girar tun kafin ɗakin ya gama ƙanƙancewa take buɗewa, ƙofar hayaƙi tana wangame. A 7,000 zuwa sama abin alheri ne, hayaƙin da ke fita shi ke jawo sabuwar iska. A silo kuwa totur a rufe yake, bututun iska yana zuƙa, sai ya zuƙo hayaƙi ya gauraya da sabon ciko. Wani ɗakin ya kama wuta, na bayansa ya ƙi, na gaba ya kama. Burub-burub ɗin da kake so, injin ne ke fashin wuta. A tsaye daɗin ji gare shi. A giya biyu kana bin bayan tirela da gudun tafiyar ƙafa, motar za ta riƙa fizgarka gaba da baya, ƙafarka ba za ta bar kuloci ba.

Ƙari a kan haka, birkinka da zuƙar injin yake samun taimako. In zuƙar ta ragu a silo, za ka ji feda ta yi tauri bayan taku biyu ko uku.

Gada_13B
Fizgar nan saiti ke maganinta. Da ƙwaƙwalwa mai kyau, wato kwamfutar injin, da mutumin da ya san aikinsa, an rage mini ita sosai. Kuma ai shi ya sa na ce rabin gada. A ƙaramin totur ƙofofin tsakiya ne kaɗai ke aiki.

Injiniya_Birisben
Su kaɗai ke ba da iska, gaskiya ne. Amma girar da ka yanka ba ta san totur a rufe yake ba, rota na wucewa za ta buɗe, hayaƙi ya shiga bututun waje ya dawo a zagaye na gaba. Da rabin gada na hana haka, da silo ɗinka bai kai 1,500 ba. Ban ce ba a iya hawanta ba. Na ce a tambayi mutum irin hanyar da yake bi.

Ummi_RX8
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in tsoma baki da tawa tambayar tunda kusan ɗaya ce. RX-8 ce da ni ta 2006 a Bamingam, mai giya shida. An auna matsinta, rotar baya ta sauka ƙasa da 6.9 da littafi ya ce shi ne ƙarshe, kuma in ta yi zafi sai na jira minti goma kafin ta sake tashi. Za a buɗe ta wata mai zuwa. Ni ma in sa a yi fotin?

Tobo_Apo
Hajiya ki yi kawai, injin ɗaya ne ai, 13B ne duka.

Injiniya_Birisben
A'a Tobo_Apo, suna ne ɗaya. Hajiya Ummi, injinki Renesis ne, wanda ya zo da RX-8 a 2003. Babban abin da Mazda ta sauya shi ne ta ɗauke ƙofar hayaƙi daga jikin gidan rota ta mayar da ita jikin farantan gefe, ta kuma tsara su yadda ta hayaƙi za ta rufe kafin ta iska ta buɗe. Babu haɗuwa ko kaɗan. Da haka suka samu damar faɗaɗa ƙofofin iska tun daga kamfani, har injin da ba tobo ya ba da doki kusan 230 ya kuma kai 9,000. Wato an riga an yi miki fotin. Abin da ya rage a ci kaɗan ne, kuma wurin da ke shaƙe injin, ƙofar hayaƙi, ruwan sanyaya injin na bayanta daf da daf. Ana gyara bakin ƙofofin a sassauta lanƙwasar, ba laifi, amma ƙarin da za ki ji bai kai kuɗin ba. Kuma kar ki manta da gwajin hayaƙin MOT duk shekara.

Da ni ne, kuɗin nan sai in sa a sababbin kwayil huɗu, fulogi, wayoyinsu, da sitata mai sauri. Ki sa a duba katalis ma, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Sau da yawa kwayil ne ke mutuwa, ɗanyen mai ya toshe katalis, zafi ya dawo ya cinye sil.

Ummi_RX8
Na gode ƙwarai. Kwayil ɗin kam tun da na saye ta ban taɓa sauyawa ba.

Baban_Gareji
Irin motar Hajiya uku suka taɓa shigowa garejina a nan Kano, duka tokumbo. Duka ukun da injin Toyota suka fita, don masu su sun gaji. Abin da na lura, ba a gaya musu cewa wannan injin da gangan yake shan baƙin mai ba, sai su yi ta hawa ba sa duba ma'auni. Ɗaya kuma kullum sai ya tayar da ita da safe ya matsar da ita daga bakin ƙofa ya kashe, fetur ya cika ta ta ƙi tashi, a yi ta ja da igiya. Ka zagaye Ƙofar Ruwa kaf da wuya ka samu sil ɗinta. Abin ya dame ni, domin da na buɗe ɗaya na ga kayan cikin ba su da yawa, aikin hankali ne kawai yake so da tsabta.

Ɗan_Maraɗi
Baba gaskiya ne. Nan wajenmu ma guda na taɓa gani, ta kwana biyu aje ƙura ta rufe ta. Amma ku fahimtar da ni, yaya mota za ta sha baƙin mai da gangan?

Sadiq_FC88
Ɗan_Maraɗi, sil ɗin da ke tsini ukun kowace rota suna gogar jikin gidan, kuma baƙin man cikin injin ba ya kai wa gare su. Sai aka sa wani ɗan famfo yana ɗiga musu mai kaɗan-kaɗan, ya ƙone tare da fetur. A tawa sanda ce ta haɗa famfon da totur, daga 1989 suka mayar da shi na lantarki. Da yawanmu muna ƙarawa da man 2T a tanki, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareto. Ni famfona na aiki, duk da haka ina zuba kamar mililita 4 a kowace lita.

Tobo_Apo
Ni fa abin da ya sa nake girmama injin nan shi ne Le Mans, tseren motoci na awa 24 a Faransa. Lita 1.3 kacal ya doke manyan Turai har suka ji haushi suka haramta shi.

Malam_Lissafi
Gyara biyu, ɗan'uwa. Motar da ta ci Le Mans a 1991 ita ce 787B mai lamba 55, kuma injinta ba 1.3 ba ne, R26B ne mai rota huɗu, lita 2.6. Johnny Herbert da Volker Weidler da Bertrand Gachot ne suka tuƙa ta. Na biyu, ba don ta ci aka hana ta ba. Tun kafin tseren an riga an tsayar da sabuwar doka ta komawa injin lita 3.5 irin na Formula 1, Mazda ta shiga tana sane cewa shekarar ce damarta ta ƙarshe a wannan tsarin. Abin da ba a musu a kai shi ne ita ce motar Japan ta farko da ta ci, kuma ba a sake ba sai Toyota a 2018.

Kuma tana da alaƙa da maganarmu. Injin nan ƙofofin iskarsa ba a gefe suke ba, a jikin gidan rota aka huda su kai tsaye, abin da ake kira PP. Shi ne ƙarshen fotin, ya wuce gada nesa. NSU ta Jamus, inda Felix Wankel ya yi aikinsa, da irin wannan ƙofar ta fitar da Ro 80 a 1967. Mazda kuwa a shekarar ta fitar da Cosmo Sport da ƙofofin gefe, domin su suka fi ba da silo mai kyau da tafiyar gari. Wato tambayar Sadiq, injiniyoyin Hiroshima sun yi wa kansu ita tun kafin a haifi yawancinmu.

Gada_13B
Su suna ƙera wa kowa da kowa ne, har da mai zuwa cefane. Mu kanmu muke ƙera wa. Ku je Niyu Zilan ko Puerto Rico ku ga yadda ake hawa gada a titi. Injiniya ma shaida ne, a Ostireliya cike suke.

Injiniya_Birisben
Cike suke, ranar Asabar da Lahadi. Ranar Litinin da safe Hilux za ka ga mai ita ya hau.

Mu koma kan Sadiq, don akwai abin da ya fi zaɓin fotin muhimmanci ba a taɓo ba. Sadiq, wace ƙwaƙwalwa ce a motar, wane tobo, waɗanne nozul?

Sadiq_FC88
Duka na asali ne. Tobo na kamfani, nozul 550 guda huɗu, intakula mai sanyaya iskar tobo tana nan a saman injin. Salansa kawai na sauya zuwa inci uku.

Injiniya_Birisben
To ka ajiye maganar gada gaba ɗaya, ko don wannan. Tobon kamfani numfashinsa na ƙarewa tun kafin 7,000, ita kuwa gada daga nan take fara biyan bashinta. Za ka ɗauki duk wahalarta ba ka ci ribarta ba. In gada kake so da gaske, lissafinka ya haɗa da babban tobo, intakula a gaba, nozul, famfon mai, ƙwaƙwalwa irin Haltech ko Link, kuloci, da ranar daino, na'urar da ake ɗora mota a auna ƙarfinta a saita ta. Kuɗin giranda shi ne mafi ƙanƙanta a ciki.

Ko fotin titin ma akwai tarko. 'Yar ƙofar da ke rage wa tobonka hayaƙi ƙarama ce a ƙirar 1986 zuwa 1988. Ka riga ka buɗe salansa, in ka ƙara buɗe ƙofofin injin, matsin tobo zai riƙa hawa da kansa a giya uku da huɗu fiye da yadda aka saita. Ƙwaƙwalwar kamfani in ya wuce fam takwas da wani abu sai ta yanke mai. Mutane sukan sa 'yar na'urar da ke rufe mata ido, mai ya gaza, ɗakin ya yi zafi, cikon ya fashe kafin lokacinsa. Injin fistin yakan jure wannan na ɗan lokaci. Rotari sau ɗaya ya isa: sil ɗin tsini ya karye, gutsuren ya kwarzane gida da rota, ya fita ta ƙofar hayaƙi ya tafi da fukafukan tobo. Naka mai kaurin milimita 2 ne. Don haka ka faɗaɗa wannan 'yar ƙofar tun tobo yana ƙasa, ka sa na'urar auna mai da iska a gabanka, ka sauya famfon mai. Kar ka zuba fetur ɗin da lambar ingancinsa (octane) ba ta kai 93 ba.

Hamza_Lathe
Ni aikin ƙarfe nake yi a Panteka, ban san rotari ba amma na san giranda. Shawarata ga mai aikin: kar faranti mai kyau ya zama na koyo. Nemi wanda ya lalace ka fara a kansa. Fuskar da sil ke bi ka rufe ta da salatif ninki uku ko huɗu, don giranda ba ta sallama in za ta zame. Hannu biyu, gwiwar hannu a kan tebur, gilashi a ido. Ƙarfen zubi in kana ci garinsa kamar allura yake.

Injiniya_Birisben
Oga Hamza ya gama magana. Fuskar farantan an ƙarfafa ta da wani siririn rufi, in ka kwarzane ta a hanyar sil babu gyara a gida. In ƙara da na wajenmu: ka sayi farantin awo, Racing Beat da Mazdatrix a Kalifoniya duk suna sayarwa. Ana sa shi a kan fil ɗin faranti a zana layi, kar ka ƙetare layin. Ta ciki kar ka taɓa sam, hanyar sil ɗin baƙin mai ce, in ka shiga motar za ta yi ta hayaƙi har ranar da za ka sake buɗewa. Bakin da ƙofar ke rufewa ka yi masa gangare mai santsi yadda sil ɗin gefe zai hau ba tare da ya yi karo ba. Yawancin injinan da suka mutu bayan fotin a nan suka mutu. Cikin ramin kuma ka riƙa taɓawa da yatsa, bayansa ruwa ne, in ka huda sai walda ko sabon faranti. Kar ka goge shi ya zama madubi, ɗan kaushi na taimaka wa fetur ya bi iska.

Ƙofar hayaƙi kuwa, ka ci ta ƙasa kaɗan don ta buɗe da wuri, tobo zai so haka. Kar ka ci ta sama, haɗuwar da muke gudu za ka ƙara. Kar kuma ka faɗaɗa ta har sil ɗin tsini ya rasa madogara a gefe biyu.

Sadiq_FC88
Wallahi na ƙaru. Akwai abin da ban faɗa ba: farantin gaba, a bakin kwarin da robar ruwa ke zama, wani ɗan wuri ya ɓalle kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Ta nan ruwan ke shiga. Na yi niyyar cikewa da gam ɗin ƙarfe.

Baban_Gareji
A'a ɗana. Wurin da wuta ke gefe ɗaya ruwa ke ɗaya gefen ba a ba gam amanarsa. Nemi wani farantin. Shi wannan ga abin koyon da Hamza ya ce ka nema, Allah ya kawo maka har gida.

Injiniya_Birisben
Bi maganar Baba. A injinan 1986 zuwa 2002 kwarin a jikin farantin ƙarfe yake, bangonsa siriri ne, tsatsa ke cinsa in an daɗe ana zuba ruwa zalla. Duba sauran biyun da kyau a ƙarƙashin fitila kafin ka ɓata awa goma kana yi musu fotin. Ka kuma tambayi kanka me ya sa ta yi zafi tun farko. In lagireton shekara talatin da wani abu ne, sabon injin ma haka zai bi.

Ummi_RX8
Wannan magana ta lagireto ni ma na ɗauka. Sadiq, a Teksas ba za su kama ka da gwajin hayaƙi ba?

Sadiq_FC88
A'a Hajiya, motar da ta wuce shekara 24 ba a yi mata. Maƙwabta ne abin ji, ƙarfe shida na safe nake fita.

Gada_13B
To wannan kam ba ni da amsarsa. Tawa in na tayar da asuba har ƙarshen layi ana sani, kuma salansa mai auduga a ciki ba ta yi mini wata uku ba zafin hayaƙin ya cinye ta. Amma ina nan kan bakana. Yi fotin titi yanzu tunda tobonka ƙarami ne, na yarda. Farantin nan da ya ɓalle kuwa, bayan ka gama koyon titi a kansa, yanka masa gira ka gani da idonka yadda gadar ke fita. In ka samu wata motar zuwa aiki za ka neme ni.

Auwal_Civic
Ni da na shigo ban san komai ba, yanzu har ina neman bidiyon yadda rota ke juyawa. Tambaya ɗaya: in an gama haɗawa, nan take ake taka ta?

Sadiq_FC88
A'a, sai sil sun zauna. Niyyata mil 1,000 ba tare da na bar tobo ya yi matsi ba, in sauya baƙin mai, in auna matsi, sannan daino. Na yi odar farantin awo na matsakaicin fotin titi, na kuma samu wani a Dalas da ke da farantin gaba, zai turo mini hoton kwarin gobe. Injiniya, ƙofofin tsakiya fa? Wasu na cewa a bar su yadda suke don silo, a ci na waje kawai.

Injiniya_Birisben
A tawa na ci su amma kaɗan, na daidaita lokacin rufewarsu da na waje, ban taɓa wajen buɗewa ba. Ƙananan ƙofofin nan su ke riƙe maka saurin iska a gosulo. Wani abokina a nan bai taɓa nasa ba sam, kuma in ka hau motocin biyu da ƙyar za ka bambance ƙasa da 5,000. Turo hoton farantin tsakiya da layin a zane kafin ka kunna giranda, ina so in ga tazarar da ta rage tsakaninsa da hanyar sil ɗin kusurwa.

Hamza_Lathe
Ka sa rula a cikin hoton.